Zanen Bayani: Amanar da ke Wuyan Ɗalibin Zane



Gabatarwa

Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau shi ne wani fanni da ake koya wa ɗaliban zane, wanda zan kira zanen bayani. Abin nufi shi ne a ɗauki bayani mai yawa ko mai sarƙaƙiya, kamar ƙididdiga, ko kwatancen hanya, ko matakan yin wani aiki, a tsara shi cikin siffofi da launuka da 'yan kalmomi kaɗan, ta yadda mai dubawa zai gane shi nan take. Taswira zanen bayani ce, haka katin awon yara na asibiti, haka takardar jefa ƙuri'a. Hausawa sun ce gani ya kori ji. To, amma fa sai in abin da aka gani ya faɗi gaskiya, kuma mai ganin ya fahimce shi.

Zan ɗebo yawancin misalaina daga masarautar Gumel, wato ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, a arewacin Jihar Jigawa. Dalili kuwa shi ne yankin yana bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, inda kuɗi iri biyu suke yawo a kasuwa ɗaya, inda kuma mai boko da mai ajami da wanda bai yi ko ɗaya ba suke zama a inuwa ɗaya. Zanen da ya yi aiki a irin wannan wuri, to, ya ci jarrabawa mai wuya.

Gadon da muka tarar

Kada ɗalibi ya ɗauka wannan fanni baƙo ne a ƙasarmu. Ya je tsangaya ya dubi Alƙur'anin da alaramma ya rubuta da hannu. Baƙaƙe da baƙar tawada suke, wasula da ja, hamza ɗigo ne rawaya. Ƙarshen kowace aya yana da alamarsa, aya ta biyar tana da kumsa, ta goma tana da kuri, sa'an nan a gefen shafi akwai zayyanar da ke nuna sumuni da rubu'i da nusufi da izu. Kowane launi aiki guda yake yi, kuma ba ya sauya ma'ana daga shafin farko har na ƙarshe. Shi ya sa mahaddaci yake gano wurin da yake nema da 'yan juye-juyen takarda kaɗan.

Haka kuma a kasuwar dabbobi ta Maigatari, wadda ke ci ranar Alhamis, mai lura zai ga tsagar kunnen da Fulani suke yi wa shanu da lalas ɗin da Buzaye suke ɗora wa raƙuma. Alama ce 'yar ƙarama, ana gane ta cikin garke, kuma tana amsa tambaya guda: dabbar nan ta wane gida ce?

Yadda fannin ya bunƙasa

A Turai, wani mutumin Sikotilan mai suna William Playfair ne ya buga zanen sanduna na kwatanta yawa a 1786. A 1854 cutar kwalara ta ɓarke a wata unguwa ta birnin Landan, sai likita John Snow ya bi diddigin gidajen da aka yi rasuwa, ya ɗora su a kan taswirar unguwar, aka ga sun taru kewaye da wani famfon ruwa guda. A shekarun 1920 kuma Otto Neurath da abokan aikinsa a birnin Biyana suka kafa tsarin nuna ƙididdiga da 'yan hotuna, wanda daga baya aka sa wa suna Isotype.

Nijeriya ma tana da hannu a wannan tarihi. A shekarun 1950 Marie Neurath ta zo Ibadan ta shirya wa gwamnatin Jihar Yamma ƙananan littattafai masu hotuna don bayyana wa talakawa shirin ilmi da na lafiya. A ƙarshen shekarun nan ne kuma likita David Morley, yana aiki a Imesi-Ile kusa da Ilesha, ya soma tsara katin awon nauyin yara wanda ya bazu a ƙasashe da dama. Hikimar katin ita ce uwa ce take riƙe shi, kuma ba sai ta san lissafi ba: in layi yana hawa, yaro yana gaba, in ya miƙe ko ya sunkuya, a nemi taimako.

Tambaya kafin alƙalami

Ƙa'ida ta farko ita ce kada ɗalibi ya ɗauki alƙalami ko ya kunna kwamfuta sai ya amsa tambaya biyu: wa zai duba wannan zane, kuma wace shawara zai yanke bayan ya duba?

Mu ɗauki ɗan tsinken awon damtsen yaro da ma'aikatan lafiya suke amfani da shi a ƙauyukanmu don gano tamowa ga yara daga wata 6 zuwa wata 59. In damtse bai kai santimita 11.5 ba, awo yana faɗawa kan ja, daga 11.5 zuwa 12.5 rawaya ne. Daga nan zuwa sama kore. Wanda ya tsara shi ya san cewa uwa a wani ƙauyen Sule Tankarkar ba adadin santimita take nema ba. Abin da take so ta sani shi ne: in kai shi asibiti yau, ko kuwa lafiya lau yake? Launi uku sun amsa mata. Duk wani ƙarin ado da za a yi wa wannan tsinke zai rage masa amfani ne.

Ma'auni a bakin iyaka

Ƙa'ida ta biyu ita ce lamba ba ta da ma'ana sai an faɗi ma'auninta. A nan ne Maigatari take da darasin da ba a samu a littattafan waje. A ce an nemi ɗalibi ya tsara allon farashin riɗi da zoɓo da gero don 'yan kasuwa. In ya rubuta jaka, wace jaka yake nufi? A bakin mutumin Nijeriya jaka naira 200 ce, a bakin mutumin Damagaram kuwa sefa 1,000 ce. Mutumin Nijar da dala yake ƙirga kuɗi, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce, saboda haka in ya ce ashirin, ɗari yake nufi a rubuce. Haka mudu da tiya da buhu: girmansu yakan bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa. Daɗin daɗawa, wanda ya yi makaranta a Nijeriya da ɗigo yake raba cikakkiyar lamba da ɓarinta, wanda ya yi a Nijar kuwa da waƙafi yake rabawa, bisa al'adar Faransa. Allon da bai warware waɗannan ba yana iya sa mutum ya sayar da noman shekara a kan kuskure. Wajibi ne a zana hoton mudun, a sa alamar kuɗin, a rubuta ranar da aka ɗauki farashin.

Gaskiyar yawa

Ƙa'ida ta uku ita ce zane ya nuna yawa daidai da yadda yake, kuma a nan ne ɗalibai suka fi zamewa ba da niyya ba. A ce ana so a nuna cewa shanun da aka kawo kasuwa a wani wata sun ninka na wanda ya gabata. Ɗalibi ya zana sa ƙarami, ya zana wani wanda ya ninka shi tsawo da faɗi. To, filin da babban ya ci a takarda ninki huɗu ne, ido kuwa fili yake gani. Maganin da su Neurath suka kawo shi ne kada a ƙara girman hoto, a ƙara yawansa: a ce kowane sa guda yana wakiltar ɗari, sai a jera biyar a layin sama, goma a na ƙasa, mai dubawa ya ƙirga da yatsa.

Haka zanen sanduna yake. A ce farashi ya tashi daga 100 zuwa 110. In aka fara sandunan daga sifiri, bambancin ɗan kaɗan ne, kamar yadda yake a zahiri. In aka fara su daga 90, sanda ta biyu za ta ninka ta farko. Ba a rubuta lambar ƙarya ko ɗaya ba, amma an yaudari ido. Wannan da tauye mudu duk ɗaya ne.

Launi da alkibla

Ƙa'ida ta huɗu ta shafi al'adar mai karatu. Wanda ya tashi da ajami daga dama yake fara duban shafi, ɗan boko kuwa daga hagu. In an jera hotuna huɗu na yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari ga yaro mai gudawa, ba tare da lamba ko kibiya ba, wani zai fara daga ƙarshe. Jerawa daga sama zuwa ƙasa ta fi aminci, domin a nan rubutun biyu sun dace. Game da launi kuwa, akwai mutane, musamman maza, waɗanda ba sa bambance ja da kore sosai, sa'an nan ranar arewa tana cinye launin takardar da aka manna a bango, kuma sau da yawa da injin baƙi da fari za a sake buga ta. Don haka kada ma'ana ta rataya ga launi kaɗai. A haɗa shi da siffa ko matsayi.

Takardar ƙuri'a misali ce babba. A zaɓen 1959 alamar NPC fartanya ce, ta NEPU tauraro, kowa yana gane su daga nesa. A zaɓen shugaban ƙasa na 2019 kuwa 'yan takara 73 ne, alamominsu jere a doguwar takarda guda, da yawa masu kama da juna. A irin wannan hali, tazarar da mai zane ya bari tsakanin akwati da akwati tana iya zama bambanci tsakanin ƙuri'a mai kyau da lalatacciya.

Gwaji a wajen aji

Ƙa'ida ta ƙarshe ita ce yabon malami da na abokan aji ba shi ne hukunci ba, domin su sun riga sun san abin da ake nufi. Ɗalibi ya ɗauki zanensa ya kai wa manomi a Gagarawa, ko mai sayar da hatsi a kasuwar Gumel, ko ungozoma a ƙauye, da izninsu, ya miƙa ya yi shiru. Kada ya tambaya ko ya yi kyau, domin kunya da ladabi za su sa a ce masa ya yi. Ya ce ne: Baba, me ka gani a nan? Inna, in ke ce, me za ki yi bayan kin ga wannan? In amsar ta saɓa wa nufinsa, laifin zane ne, sai ya koma ya gyara ya sake kawowa.

Kammalawa

Jama'a, yau manhajojin kwamfuta da na waya suna fitar da zane mai ƙyalƙyali cikin minti kaɗan, kuma yana yawo a WhatsApp da Facebook har ƙauyen da mai zanen bai taɓa zuwa ba. Wannan ya ƙara wa ɗalibi nauyi ne, domin zanen zai isa inda ba ya nan balle ya yi bayani. Saboda haka ina kira ga sassan koyar da zane na jami'o'inmu da kwalejojinmu, ciki har da Kwalejin Ilmi ta Gumel, da su riƙa tura ɗalibai kasuwa da asibiti da tsangaya kafin su ba su maki. Ɗalibi kuma ya riƙa tuna cewa wani zai sayar da amfanin gonarsa, ko ya kai ɗansa asibiti, ko ya dangwala ƙuri'arsa, bisa ga abin da hannunsa ya zana.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani.