Ruwan Agusta a Ɗakin Gwaje-Gwaje

Abin da ya kai ni makarantar nan ta 'yan mata tambaya ce ƙarama: da wane ruwa ake gwajin kemistiri a garin da famfo ya daɗe bai kawo ba? Makarantar kwana ce a bayan gari, hanyarta ta ratsa gonakin gero da gyaɗa. Shugabar makarantar ta karɓe ni da fara'a, ta haɗa ni da wata ɗaliba ta raka ni ɗakin gwaje-gwaje.

Ɗakin dogo ne, an gina shi da niyya mai kyau. Kowane tebur da kan famfonsa da wurin zubar da ruwa, ga kuma bututun gas na kunna wuta. Sai dai duk sun bushe, gizo-gizo ya yi saƙa a bakin wasu. A kusurwa jarkoki ne jere, wasu an ɗaure musu jan ƙyalle a wuya, wasu babu. Mai kula da ɗakin dattijo ne da ɗalibai da malamai duka suke kira Baba. Ya ce mini marasa ƙyallen ruwan burtsatse ne, na wanke kwalabe da hannu. Masu jan ƙyalle kuwa ba mai taɓa su sai shi.

"Ruwan Agusta ne, Malam," in ji shi. "Ba na tarar ruwan farko, ƙurar rani ce da kashin tsuntsu. Sai damina ta zauna sama ta wanku, sannan in shimfiɗa robobi a fili, ba a ƙarƙashin indararo ba. In tace, in tafasa, in rufe. Shi za mu yi ta lallaɓawa har watan Mayu."

Na tambaye shi laifin ruwan burtsatse, tunda kowa shi yake sha. Sai ya ɗauko butar shayinsa ya nuna mini farin ɓawon da ya daskare a gindinta. Gishirin kalsiyam da magnesiyam ne da ruwan ya kwaso daga ƙarƙashin ƙasa, shi ne kuma ke hana sabulu kumfa. Ciki bai damu da shi ba, amma gwaji ya damu. Idan aka haɗa asid da irin wannan ruwa, wani ɓangare na asid ɗin zai tafi wajen cinye abin da ke cikin ruwan, lissafin yarinya ya karkace ba da laifinta ba. Ya ɗiga sinadarin azurfa, wato silba naitiret, a ɗan ruwan burtsatse, nan take ya yi fari kamar an zuba madara. Ya ɗiga a ruwan Agusta, ya zauna garau. "To ka gani. In ana neman kuloraid a cikin abin da aka ba yarinya, kuma ruwan da ta narkar da shi ya riga ya zo da nasa, me za ta rubuta?" Ya ƙara da cewa ruwan sama na koyo ne kawai. Ranar jarrabawa dole makaranta ta sayo tataccen ruwa na tururi daga birni.

Baba bai yi digiri ba. Ya shigo aikin yana saurayi mai shara da wanke kwalabe, ya koyi sauran daga malaman da suka zo suka wuce. Ya san asid ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa cikin asid, domin zafin da zai taso yana iya watso shi a fuska. Ya nuna mini wani tsohon tabo a bayan hannunsa, ya ce tun daga ranar bai sake barin yarinya ta buɗe kwalbar asid mai ƙarfi ba. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne fifet, ɗan siririn bututun da ake auna ruwa mililita 25 da shi. Robar zuƙo ruwan ta ƙare tuntuni, da baki yaran ke zuƙa. "Duk shekara sai wata ta zuƙo soda ta kai bakinta. Tsarmamme ne, ba ya kisa, amma sai ta yini tana kurkure baki tana kuka. 'Yar wani ce aka ba mu amana. Ni dai in sun fara zuƙa, ba na zama."

Malamar kemistiri ta shigo da 'yan aji uku. Darasin ranar shi ne wanda duk mai zana WAEC ko NECO ya san ba ya tsallakuwa: a cika buret, wato dogon bututun awo mai makunni a ƙasa, da asid, a auna ruwan soda a kwalba, a ɗiga masa metil orenj ya zama rawaya, sannan a riƙa sakin asid ɗigo-ɗigo ana kaɗawa har launi ya juya ruwan lemo. Ɗigo ɗaya ya wuce, ya koma ja, aiki ya ɓaci. Buret ɗin da ba ya yoyo kaɗan ne, don haka kowanne ɗalibai ne suka yi masa zobe. Ɗaya ke riƙe da makunnin, ɗaya na kaɗa kwalba, sauran suna leƙe ta kafaɗa suna rubuta lambar da aka faɗa musu.

Nan ne damuwar malamar take. Ta ce a ɗakin jarrabawa kowace yarinya ita kaɗai ce da buret ɗinta, za ta maimaita gwajin har lambobinta su yi kusa da juna, kuma da lambar da malama ta samu a nata gwajin ake auna tata. "Akwai wadda ta haddace lissafin mol tsaf, ka tashe ta cikin dare za ta yi maka. Amma hannunta bai taɓa murɗa makunnin buret ba. Ranar jarrabawa sai hannu ya ɗau rawa, ta saki asid gaba ɗaya." Kuma ba ƙaramar asara ba ce, domin babu shiga karatun likita ko jinya ko haɗa magunguna sai da kiredit a kemistiri, garuruwan nan kuwa suna tsananin buƙatar mata a asibiti.

Da 'yan aji ɗaya malamar tana da wata dabara da ta burge ni. Takan jiƙa zoɓo ta raba a kofuna. A wani ta matsa lemun tsami, ja ya ƙara haske. A wani ta zuba ruwan kanwa ko ruwan toka, ya juya kore-kore mai duhu. Daga nan sai ta tambaye su me ya sa iyayensu ke jefa kanwa a miyar yakuwa, kuma kumfar nan da ke tasowa mece ce. Yaran da kansu suke gano cewa kanwa na kashe tsami, kumfar kuma iskar kabon dayoksaid ce, wadda za su sake haɗuwa da ita a littafi. A ganina wannan koyarwa ce ta gaske, kuma ko a makarantar da kaya suka cika ya kamata a fara da ita. Amma malamar ba ta ruɗi kanta ba. "Zoɓo zai koya musu asid da kishiyarsa," in ji ta, "ba zai koya musu sa ido daidai da layin ruwa a buret ba."

Wata ɗaliba, wadda na lura ita ce ta fi kowa naci a gaban tebur, ta ce mini ungozoma take son zama. Yayarta ta rasu wajen haihuwa a hanyar asibiti. Ranar Asabar, sa'ad da sauran ke wanki da kitso, takan roƙi Baba ya buɗe mata ɗakin. "Sai ya cika min buret da ruwa zalla, ya ce in yi ta saki ɗigo ɗaya-ɗaya har hannuna ya saba. Ba ya ba ni asid sai Malama na nan." Baba na jin ta yana goge kwalabe, ya ce, "Allah ya cika miki burinki, 'yata." Shekarunsa na aiki sun kusa cika, kuma har yanzu ba a turo wanda zai koya wa ba.

Abin da ɗakin nan ke nema ba ya wuce ƙarfin ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ko ta iyayen yara: ƙarin buret, robobin zuƙo ruwa na fifet, tabarau na kare ido, da ƙaramar na'urar tace ruwa ta tururi. Cikin waɗanda suka gama makarantu irin wannan akwai likitoci da masu shagon magani da malaman jami'a. Duk wadda ta taɓa riƙe buret a irin wannan ɗaki, don Allah ta koma ta tambayi mai kula da shi abin da ya ƙare, kafin jarrabawar bana ta zo.