Masu Gyara wa Barewa Makwanci

A tuddan kudu maso yammacin jihar Wiskonsin da kudancin Ayowa da arewacin Mizuri, can Amurka, akwai mutanen da abincinsu ke fitowa daga gyara wa barewa wurin kwanciya. Barewar tasu mai farar wutsiya ce, wadda farauta ba kan gado ta kusa ƙarar da ita: wajen 1900 an ƙiyasta saura kamar dubu 500 a faɗin ƙasar, yau kuwa ana batun miliyan 30. Sai dai a dokarsu naman daji ba na mai gona ba ne, duk inda ya ga dama nan yake yini. Mai filin da ke son barewa ta zauna a nasa, kada ta tsallaka na maƙwabci, shi ne ke neman mai wannan sana'a.

Da ƙafa ake fara aikin, a ƙarshen hunturu, lokacin da ganye ya zube kuma sawu bai ɓace ba. Ma'aikacin zai bi gangaren tudu yana duba inda ciyawa ta kwanta, da gashi, da kashi, don barewa ta riga shi sanin wurin da ya dace. Riƙaƙƙen namiji ba ya son ƙololuwa, ba ya son kwari. Yana saukowa kaɗan daga sama, ya sami ɗan wuri mai shimfiɗa, ya juya wa iska baya don hancinsa ya tsare masa can, idonsa kuma na kan gangare. Da rana iska mai ɗumi na hawowa daga kwari ɗauke da warin duk wanda ya taho, da yamma ta huce ta gangara. Da sanyi kuwa gefen da ke fuskantar kudu suke so, don shi rana ta fi bugawa. Wanda bai karanci wannan ba, sai ya kashe dalolinsa inda barewa ba za ta taɓa durƙusawa ba.

Sai ciyawa. Wadda masu sana'ar suka fi yarda da ita suwicgiras ce, 'yar asalin filayen ƙasar. Akwai wata doguwa, 'yar'uwar gambarmu ta zana, amma dusar ƙanƙara kan kwantar da ita, suwicgiras kuwa kararta na tsaye har bazara. Tun da kaka ake feshe tsohuwar ciyawar kiwo, don ba ta barin sabon tsiro ya yi numfashi. A watan Fabrairu ko Maris sai a watsa iri bisa daskararriyar ƙasa. Ƙasar na daskarewa da dare, ta narke da rana, wannan buɗewa da rufewa shi ke binne irin daidai yadda yake so, don in ya nutse da yawa ba ya fitowa. A gangaren da tarakta ba ta iya hawa, wannan dabara ce ke cetonsu.

Shekarar farko ita ce ta jin kunya. Ciyawar saiwa take yi a ƙasa, sama kuwa ba abin da ake gani sai haki, wanda za a yi ta datse kansa don rana ta shiga. Mai fili zai zo ya duba, ya ɓata rai, ya ce an ci kuɗinsa. Sai a shekara ta uku take kai tsayin mutum. Ko a sannan gwanin ba ya cika tudu da ita kaɗai, tunda ba abinci ba ce. Yana barin ɗan fili nan da can don ganyen da barewa ke tsinka.

Itatuwa kuwa daga gandun reno na gwamnati ake sayo su, irin na garin Ames a Ayowa ko na kusa da Licking a Mizuri, ƙananan tsirrai masu saiwa tsirara, ɗaure dami-dami. Sida da siburus, waɗanda ba sa zubar da ganye, su ke tare iska. Ƙananan bishiyoyi masu 'ya'ya su ke ba da abinci da duhuwa. Tsiron da arha. Abin da ke cin kuɗi shi ne bututun roba ko ragar waya da ake kewaye shi da ita, wanda ya ninka kuɗin tsiron, domin wadda ake yi wa gidan ita ce farkon mai cinye shi, namiji kuma ya goge ƙahonsa a jikin wanda ya tsira. Da ƙarfen dashe ake huda ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, saiwar na cikin bokiti kada ta bushe.

Inda akwai daji tun asali, sukan yanka bishiya rabi da zarto mai inji, su tura ta ta kwanta da ranta tana ci gaba da toho. Nan hatsarin sana'ar yake: kututture na iya tsagewa ya doki mai yankan.

Kuɗi na shigowa ta ƙofa fiye da ɗaya. Wani ladan zagaya fili da zana taswira yake karɓa, wani kwangilar shuka bisa eka. Mai filin kuma kan rage zafi da shirin gwamnati na CRP, wanda aka kafa a 1985: ana biyansa haya shekara 10 zuwa 15 don ya bar noman ƙasa mai zaizayewa, a kuma ɗauke masa har rabin kuɗin shukar. Wasu su ba maharba hayar filin a Nuwamba, lokacin barbara.

Wahalar ba ta ƙarewa da dashe. Akwai kaska mai sa cutar Layim. Akwai ƙona ciyawar bayan 'yan shekaru don ta sabunta, tare da yi wa sida shara, tunda wuta na kashe ta. Fari kan kashe dashen shekara guda, ya kuma kawo cutar da wasu ƙananan ƙudaje ke yaɗawa, wadda ta kashe barewa da yawa a 2012. Mafi wuya kuma shi ne hana mai filin leƙa abin da ya biya, don in aka yi ta shiga makwancin, babban namiji na ƙaura ko ya daina fita sai dare. Wani lokaci duk an kiyaye wannan, an rene shi shekara biyar, ya bi mace ya tsallaka shinge, maƙwabci ya harbe shi.