Abin da ido ya gani a gonar maƙwabci

Matafiyin da ya bi babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, in ya iso Takeita a ƙasar Garagumsa, zai ga gawo tsaye a tsakiyar gonakin hatsi. Yawancin itatuwan nan ba dasa su aka yi ba. Tohon kututture da na saiwa ne manomi ya bari lokacin sassabe, ya rage rassa, ya raini mai ƙarfi. A Maraɗi, inda wani mai suna Tony Rinaudo ya fara yaɗa dabarar a 1983, ana kiranta sassaben zamani.

Ta yaya ta bazu har ta kai wajen hekta miliyan 5 a kudancin Nijar? Ido ne ya yi mafi yawan aikin.

Masanin halayyar ɗan Adam Albert Bandura, na Jami'ar Stanford a Amurka, ya gwada irin wannan koyo ta hanyar gani a 1961. Ya sa ƙananan yara sun kalli babban mutum yana jibgar wani mutum-mutumin roba mai suna Bobo. Da aka bar su da Bobo, sai suka kama dukansa yadda suka gani, har da kalaman bakin mutumin. Wani gwajin da ya yi a 1965 ya fi wannan ma'ana. Yaran da suka ga an hukunta mai dukan sun ja baya, amma da aka yi musu alƙawarin tukuici, su ma suka kwaikwayi dukan. Ashe sun koya, tsoro ne ya riƙe hannunsu. Hausawa sun riga sun faɗi: gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Haka manomin Damagaram. Ya daɗe da sanin gawo yana zubar da ganye da damina, ya taki ƙasa, bai tare wa gero rana ba, 'ya'yansa kuma abincin bisashe ne da rani. Sai dai dokar gandun daji ta mai da itace na hukuma, to wa zai raini abin da ba nasa ba? Bayan farin 1984, da riƙon dokar ya sassauta, mutum ya ga maƙwabcinsa ya bar toho, ba a ci shi tara ba, damman geronsa kuma sun ƙaru. Da sassaben baɗi ya zo, shi ma ya kauce wa tohon da gatarinsa.