Kafin a Biya Kuɗin Makarantar Koyon Turanci a Ƙetare

A shekarar 1941 Jami'ar Michigan da ke Amurka ta buɗe wata cibiya ƙarƙashin Farfesa Charles Fries, daga cikin ayyukanta akwai koya wa baƙin ɗalibai Turanci ba ƙaƙƙautawa har su iya zama aji ɗaya da 'yan ƙasa. Yau irin waɗannan cibiyoyi sun bazu a Amurka da Ingila da Kanada da Ostireliya. Daga cikin masu neman gurbi akwai ɗan Maraɗi da ya yi bokonsa da Faransanci, da ɗan Sudan da ya yi nasa da Larabci, da kuma ɗan Kano da makinsa na jarrabawar Turanci ta IELTS ya gaza abin da jami'a ta gindaya. Dukansu ba Turancin ne ƙarshen burinsu ba, jami'a suke hari. Saboda haka makarantar da ta dace ita ce wadda za ta kai su can.

Abin farko da ake dubawa shi ne ko hukuma ta san da zaman makarantar. A Amurka, wata doka da aka sa wa hannu a Disamban 2010 ta wajabta wa cibiyoyin koyar da Turanci samun tantancewa kafin su ɗauki ɗaliban waje. Fitattun masu tantancewar su ne CEA da ACCET. Makarantar da ba ta da rajista da gwamnati ba za ta iya ba da takardar I-20 ba, kuma babu wannan takarda babu bizar karatu ta F-1. A Ingila, British Council ke zagayawa tana duba makarantu, a Kanada kuwa akwai ƙungiyar Languages Canada. Kowacce tana wallafa sunayen makarantun da ta amince da su, kyauta, a intanet.

Sai batun lokaci, inda 'yan talla suka fi cin kasuwa. Ma'aunin da Turai ke amfani da shi ya kasa iya harshe hawa shida, daga A1 zuwa C2, kuma Ingila tana neman hawa na huɗu, wato B2, ga mai son bizar karatun digiri. Masanan Cambridge sun ƙiyasta cewa ɗalibi yana buƙatar kimanin awa 200 ta karatu gaban malami kafin ya haura hawa guda. Lissafin ba wuya: mai zama aji awa 20 a mako zai yi mako 10 kafin ya taka hawa ɗaya. Wanda ke A2 yana son B2, sai ya tanadi guzurin wata biyar, in ma bai yi wasa ba. Duk wanda ya yi alkawarin mayar da sabon shiga gwani cikin wata guda, romon baka ne kawai. Dokar Amurka ma ba ta ɗaukar ɗalibin harshe a matsayin cikakken ɗalibi sai yana halartar aji aƙalla awa 18 a mako.

Ana gane makarantar kirki tun ranar farko. Ba a tura kowa aji sai an gwada shi: a ba shi takarda ya rubuta 'yan sakin layi, a sa masa na'ura a kunne ya saurari hira ya amsa tambayoyi, sannan malami ya zaunar da shi su tattauna. Sau da yawa sai a tarar mutum bakinsa ya faɗa amma alƙalaminsa bai faɗa ba, ko kuma akasin haka. Inda aka tara gwani da ɗan koyo a ɗaki ɗaya, kuɗin duka biyun ya tafi a banza. Yana da kyau kuma a tambayi yawan ɗalibai a aji da ƙasashen da suka fito, domin ajin da kowa ke jin harshe ɗaya, da an fita shan iska Turanci ya ƙare.

Cibiyar da ke cikin jami'a ta bambanta da makarantar 'yan kasuwa. Wasu jami'o'i sukan ba ɗalibi gurbi bisa sharaɗin ya kammala kwas ɗinsu na Turanci, wani lokaci har su yafe masa jarrabawar TOEFL ko IELTS. Amma wannan rangwame na jami'ar da ta bayar ne kaɗai, wata ba dole ta karɓa ba. Mai niyyar sauya sheƙa sai ya nemi makarantar da ke shirya ɗalibai don jarrabawar, ya kuma tuna cewa sakamakonta shekara biyu yake aiki.

Kuɗin makaranta ba shi ne duka ba. Mai zuwa Amurka zai biya dala 350 ta rajistar ɗaliban waje ta SEVIS da dala 185 ta neman biza, ban da masauki da inshorar lafiya da tikitin jirgi. Dogaro da aikin ƙwadago can kuwa ganganci ne: ɗalibin harshe mai F-1 cikin harabar makaranta kawai aka yarje masa aiki, awa 20 a mako lokacin karatu, yayin da bizar Ingila ta koyon Turanci, mai tsawon wata 6 zuwa 11, ta hana aiki gaba ɗaya. Ƙofar ma takan rufe ba zato, kamar yadda Amurka ta dakatar da shigar 'yan ƙasashe 12 a Yunin 2025, ciki har da Chadi da Sudan. Shi ya sa tilas a karanta ƙa'idar mayar da kuɗi idan biza ta ƙi, kafin a tura ko sisi.

Ba dole sai an ƙetare teku ba. Ɗalibai da dama daga ƙasashen renon Faransa sukan fara da Accra ta Ghana, su haura hawan farko da kuɗi ƙalilan, sannan su rubuta jarrabawa. Jami'a makin take dubawa, ba garin da aka koyi harshen ba, kuma ana zana IELTS a Accra da Abuja da Kano.