Brad Raffensperger: jami'in zaɓen da ya ƙi nemo wa Trump ƙuri'u 11,780

Ranar Asabar 2 ga watan Janairun 2021, shugaban Amurka Donald Trump ya kira wani jami'in jihar Jojiya ta wayar tarho, suka shafe kusan awa guda suna magana. Buƙatarsa ɗaya ce: a nemo masa ƙuri'u 11,780. Joe Biden ya kayar da shi a jihar da tazarar ƙuri'u 11,779, wato abin da ya nema ya ɗara tazarar da ƙuri'a ɗaya tak. Jami'in, Brad Raffensperger, ɗan jam'iyyar Republican ne kamar Trump, kuma shi ya jefa wa ƙuri'a. Amma ya amsa masa cewa alƙaluman da ke hannunsa ba daidai ba ne. Washegari jaridar Washington Post ta fitar da muryar hirar, duniya ta ji.

Tun daga ranar wasu ke kallonsa a matsayin gwarzon dimokuraɗiyya, wasu kuma maci amanar jam'iyya. Tarihin siyasarsa ya nuna mutum ne mai ra'ayin riƙau wanda bai taɓa sauya layi ba, kuma taurin kan da ya nuna wa Trump shi ne wanda ƴan adawa suka daɗe suna kuka da shi.

Alƙalin wasa da rigar ƙungiya

Wanda ya saba da CENI a Nijar ko INEC a Najeriya zai yi mamakin tsarin Amurka. Babu wata hukumar ƙasa guda da ke shirya zaɓe. Kowace jiha da dokokinta, kuma a jihohi da dama babban jami'in zaɓe shi ne sakataren jiha, ɗan siyasa da ke tsayawa takara a ƙarƙashin tutar jam'iyya. A Jojiya, gundumomi 159 ne ke buɗe rumfuna da ƙirga ƙuri'u, shi kuma sakatare yana riƙe da rajistar masu zaɓe, yana kula da na'urori, sannan ya tabbatar da sakamakon ƙarshe. Wa'adinsa shekara huɗu ne.

Tamkar a ce alƙalin wasa ya shigo fili sanye da rigar ɗaya daga cikin ƙungiyoyin biyu ne. An ga illar hakan a 2018, lokacin da Brian Kemp ya nemi kujerar gwamna yana riƙe da muƙamin sakataren jiha. Ya doke Stacey Abrams ta jam'iyyar Democrat da tazarar kusan ƙuri'u 55,000 a zaɓen da ofishinsa ya kula da shi, abin da ya janyo zargi mai yawa. Wannan kujera mai zafi ce Raffensperger ya gada.

Daga aikin kankare zuwa majalisa

An haife shi a 1955. Injiniyan gine-gine ne da ya yi karatu a Kanada, ya ƙara da digiri na biyu a fannin kasuwanci a Atlanta. Dukiyarsa ta fito ne daga kamfaninsa Tendon Systems, mai aikin ƙarfafa gine-ginen kankare da igiyoyin ƙarfe. Bai shiga siyasa da wuri ba. Ya haura shekara 55 kafin ya zama kansila a garin Johns Creek da ke arewacin Atlanta a 2012. A 2015 ya ci zaɓen cike gurbi ya shiga majalisar wakilan jihar, inda ya wakilci mazaɓa ta 50 har zuwa farkon 2019.

A majalisa bai yi suna da hayaniya ba. Abin da aka fi tunawa shi ne ƙudurin da ya gabatar domin hana jami'an harajin gunduma sanya wa aljihunsu kuɗaɗen da ake caza a kan kadarorin waɗanda suka gaza biyan haraji. Ya kuma nemi a gyara kundin tsarin mulkin jihar domin gundumar da aka taɓa haɗewa da wata ta iya sake tsayawa da ƙafarta, buƙatar da mazauna unguwannin masu hali na arewacin Atlanta suka daɗe suna yi.

A 2018 ya nemi kujerar sakataren jiha. Babu wanda ya samu fiye da rabin ƙuri'u a zagayen farko, sai aka je zagaye na biyu ranar 4 ga Disamba, ya kayar da John Barrow na Democrat. Cikin waɗanda suka fito fili suka mara masa baya a lokacin har da Trump.

Shekara biyu kafin guguwa

A shekararsa ta farko jihar ta ba kamfanin Dominion kwangilar sama da dala miliyan 100 ta sabbin na'urorin zaɓe. Tsofaffin ba sa barin wata shaida a takarda. Sabbin kuwa suna buga wa mai zaɓe takardar ƙuri'arsa, wadda ake ajiyewa. Wannan takarda ce ta zama hujja daga baya.

A Disamban 2019 ofishinsa ya soke rajistar mutane kusan 300,000, bisa dalilin sun ƙaura ko sun shafe shekaru ba su yi zaɓe ba. Ƙungiyar Fair Fight ta Stacey Abrams ta garzaya kotu, tana cewa matakin ya fi cutar da talakawa da baƙaƙen fata. Shi kuma ya ce doka ce ta wajabta masa tsabtace rajista.

Da annobar korona ta ɓarke a 2020, sai ya ɓata wa ƴan jam'iyyarsa rai: ya aika wa masu zaɓe miliyan 6.9 takardun neman jefa ƙuri'a ta gidan waya. Zaɓen fid da gwani na watan Yuni kuwa ya zo da rikici, inda mutane suka shafe sa'o'i a layi a wasu unguwannin Atlanta, ofishinsa da gundumomi kowa na ɗora wa ɗan'uwansa laifi.

Ƙirga uku, amsa ɗaya

Biden shi ne ɗan Democrat na farko da ya ci Jojiya tun 1992, jiha mai wakilai 16 a kwalejin da ke zaɓen shugaban ƙasa. Kwanaki shida bayan zaɓen, sanatocin jihar biyu, David Perdue da Kelly Loeffler, dukansu ƴan Republican, suka nemi Raffensperger ya yi murabus. Ya ƙi. Ya ba da umarnin a ƙirga ƙuri'u kusan miliyan 5 da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Ƙirgar ta tono ƙuri'un da ba a lissafa ba a wasu gundumomi kamar Floyd, tazarar Biden ta ɗan ragu, amma wanda ya ci bai sauya ba. Ɓangaren Trump ya nemi a sake ƙirgawa da na'ura, aka yi. Ranar 7 ga Disamba ya sake tabbatar da sakamakon.

Iyalinsa sun ɗanɗana kuɗarsu. Matarsa ta riƙa samun saƙonnin barazanar kisa a wayarta, har suka bar gida na wani lokaci. A hirar tarho ta Janairu, Trump ya ce matattu kusan 5,000 sun yi zaɓe a Jojiya. Raffensperger ya ce bincikensu ya gano biyu, adadin da daga baya ya kai huɗu. A watan Yunin 2022 ya maimaita bayaninsa a gaban kwamitin majalisar wakilan Amurka mai binciken harin da aka kai wa ginin majalisa ranar 6 ga Janairu. Hirar ta kuma zama ginshiƙin tuhumar da mai gabatar da ƙara ta gundumar Fulton, Fani Willis, ta yi wa Trump da wasu mutum 18 a Agustan 2023, ƙarar da aka yi watsi da ita a Nuwamban 2025.

Hukuncin jam'iyya da na masu zaɓe

A Maris ɗin 2021 majalisar jihar ta zartar da sabuwar dokar zaɓe. Ta wajabta lambar katin shaida ga mai ƙuri'a ta gidan waya, ta taƙaita akwatunan ajiye ƙuri'a, ta haramta raba abinci da ruwa ga masu tsayuwa a layi. Dokar ta kuma tuɓe Raffensperger daga shugabancin kwamitin zaɓen jihar. Duk da haka ya kare mafi yawan tanade-tanadenta, musamman batun katin shaida, abin da ya sanyaya gwiwar ƴan Democrat da suka fara yabonsa. A watan Yuni babban taron jam'iyyarsa na jiha ya yi Allah wadai da shi.

Masu sharhi da dama sun ɗauka siyasarsa ta ƙare, domin Trump ya tsayar da ɗan majalisa Jody Hice ya kayar da shi. Ranar 24 ga Mayun 2022 Raffensperger ya samu kashi 52 cikin 100, Hice kashi 33, ba a ma je zagaye na biyu ba. A Nuwamba ya doke Bee Nguyen ta Democrat da kashi 53.

Akwai batun da ya shafi baƙi mazauna jihar kai tsaye. Raffensperger na cikin masu fafutukar hana wanda ba ɗan ƙasa ba yin zaɓe. Binciken ofishinsa na 2022 ya gano mutum 1,634 da suka nemi rajista cikin shekara 25 ba tare da an tabbatar da zamansu ƴan ƙasa ba, kuma babu wanda ya shiga rajistar. Na 2024 ya gano mutum 20 cikin miliyan 8.2, aka miƙa sunayensu ga masu gabatar da ƙara. Alƙaluman sun rushe iƙirarin cewa baƙi na tururuwar yin zaɓe. Gargaɗi ne kuma ga mai katin zama da bai samu takardar ɗan ƙasa ba: cike takardar rajista, ko bisa kuskure, na iya kai shi kotu, har ya jawo masa kora daga ƙasar.

A 2024 Trump ya ci Jojiya da tazarar kusan ƙuri'u 115,000, kuma Raffensperger ɗin ne ya tabbatar da nasarar. A Satumban 2025 ya bayyana aniyarsa ta neman kujerar gwamna. Trump ya riga ya mara wa mataimakin gwamna Burt Jones baya, ɗaya daga cikin ƴan Republican 16 da suka sa hannu a Disamban 2020 kan takardar da ta ce Trump ne ya ci jihar.