Hanta na sake tofowa, amma ƙwayoyin ciwon jiki na iya yi mata cikas

Duk mai cin kasuwar Ɗan Isa ko Birnin Ƙonni ya san yadda yamma take: an gama sauke buhuna, ɗan dako da uban gidansa kowa na dafe da ƙugu, sai ga mai tallar magani da tire a ka. A miƙa ƴan canji, a karɓi ƙwaya biyu ko uku, a kora da ruwan leda. Ba mai tambayar abin da ƙwayar ke yi a ciki, in dai ciwon ya lafa.

To, hanta dai Allah ya yi mata wata baiwa da sauran kayan ciki ba su da irinta. A shekarar 1931 wasu masana biyu a Amurka, Higgins da Anderson, sun yanke kashi biyu cikin uku na hantar ɓeraye, kafin mako biyu abin da ya rage ya girma ya cike gurbi. Da wannan baiwar ce likitoci ke yanke wani sashe na hantar mai rai su dasa wa majinyaci, cikin ƴan watanni ta mai bayarwa ta koma kusan girmanta.

Daga cikin abubuwan da ke tayar da hanta ga wannan aiki akwai wasu sinadarai da jiki ke haɗawa daga kitse, ana kiransu furostagilandin. Su ne ke kawo zafi da kumburi a wurin da aka ji rauni, kuma su ne ke isar wa ƙwayoyin halittar hanta saƙon su hayayyafa. A 1971 wani Baturen Ingila, John Vane, ya gano cewa asfirin na kashe ciwo ne ta hanyar hana jiki yin waɗannan sinadarai, abin da ya kai shi ga lambar Nobel a 1982. Ibufurofen da dikilofenak, waɗanda suka cika tiren masu talla, haka su ma suke aiki.

A 2001 masu bincike a birnin Sent Luwis na Amurka sun ba ɓerayen da aka yanke wa hanta irin wannan magani, sai tofowar ta ja baya. A 2015 wasu a Kilifilan suka juya gwajin: suka ba ɓeraye maganin da ke hana furostagilandin ɗin saurin rushewa, hantar ta fi saurin cikowa. Gwaje-gwajen biyu kan ɓeraye aka yi su, maganin na biyu kuwa bai shigo kantin magani ba, saboda haka duk wanda ya tallata maka shi, maƙaryaci ne.

Abin da likitoci suka daɗe da tabbatarwa a jikin mutane shi ne na wanda hantarsa ta riga ta ƙeƙashe, kamar yadda ciwon hanta nau'in B ke yi wa jama'a da yawa a yankinmu ba tare da sun sani ba. Ƙodar irin wannan mutum da furostagilandin take samun isasshen jini. In ya dinga haɗiyar dikilofenak, ƙodar na iya tsayawa, ko ya kama aman jini. Farasitamol ya fi masa sauƙi, amma shi ma da iyaka: mai lafiya kada ya wuce giram 4 a yini, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, mai ciwon hanta kuwa galibi rabin haka likita ke yarje masa. Gwajin ciwon hanta nau'in B da ɗigon jini daga yatsa ake yinsa, sakamako na fitowa kafin a gama lodin mota ɗaya.