Abin da Masuntan Zobe Suke Bukata Daga Hukuma

'Yan'uwa manoma, yawancinmu in aka ambaci Madatsar Ruwa ta Zobe, sai hankalinmu ya tafi ga noman rani da ruwan famfo. Amma akwai wani amfanin gona a cikin ruwan nan wanda ba a yi masa huɗa, ba a yi masa noma, watau kifi. Gidaje da yawa a ƙasar Dutsin-Ma da shi suke ci, kuma mutanen Kurfi da sauran maƙwabta suna samun na miya daga gare shi. Saboda haka ya kamata ƙungiyoyinmu su san abin da ya fi damun masunta.

An gama gina madatsar a 1983 a kan kogin Karaduwa, zamanin mulkin Alhaji Shehu Shagari. Tana ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, watau ta Gwamnatin Tarayya ce. A 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe aikin ruwan sha da ake jawowa daga cikinta. An yi ta domin sha da ban ruwa, amma tun da ruwa ya taru, mutanen ƙauyukan bakinta irin su Garhi da Makera suka kama sana'ar su. Ana kama karfasa da tarwaɗa da kurungu da ragon ruwa.

To, in hukuma za ta taimaki masunci, da me za ta fara? Sau da yawa akan fara da rabon raga da kwale-kwale. Wannan ba laifi ba ne. Amma ƙarin raga a ruwan da kifinsa ke raguwa kamar ƙarin lauje ne a gonar da ba a shuka ba. Ga abin da ya kamata ya zo gaba.

Na farko: a bar ƙanana su girma

Akwai doka. Dokar Kamun Kifi ta Ruwayen Cikin Ƙasa ta 1992 ta hana su da ragar da idonta bai kai milimita 76 ba, watau inci 3. Dalili kuwa a fili yake. Raga mai ƙaramin ido, balle gidan sauro da waɗansu ke ja a bakin ruwa, tana kwashe kifin da bai taɓa yin ƙwai ba. Manomin da ya cinye irinsa da rani, me zai shuka da damina? Masunci mai bin doka shi ne ke cutuwa, domin yana barin ƙanana, wani kuwa yana bin bayansa yana kwashewa. Abin da yake nema shi ne a yi wa kowa hukunci ɗaya.

Na biyu: a ba ruwa hutu

Da ruwan sama ya sauka, tarwaɗa takan hau zuwa inda sabon ruwa ya rufe ciyawa ta zuba ƙwai. Karfasa kuwa, akwai irin da uwar ke riƙe ƙwanta a baki har su ƙyanƙyashe. Wanda ya kama uwa ɗaya a lokacin nan ya kashe ɗaruruwa. Dokar 1992 ta ba Kwamishinan jiha ikon rufe wani wuri ko wani lokaci daga su. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A Argungu, Sarkin Ruwa yana tsare Matan Fada, ba mai shiga sai ranar biki, shi ya sa ake fitar da giwan ruwa da ya kai mutum nauyi. Sai dai hutu yana da zafi ga mai iyali. A Zobe abin ya zo da sauƙi, gama lokacin ƙwai shi ne lokacin aikin gona, masunta da yawa kuwa manoma ne.

Na uku: a hana zuba dafi

Dā akan daka magimfa a zuba a kududdufi. Daga baya waɗansu suka koma ga maganin ƙwari irin su Gamalin. Doka ta hana dafi da nakiya da lantarki gaba ɗaya. Dafi ba ya zaɓe, yana kashe babba da ƙarami. Ku tuna kuma ruwan nan shi shanu ke sha, shi kuma ake turawa gari.

Na huɗu: a sa masunta a cikin shawara

Ma'aikacin gwamnati ɗaya ba zai iya tsaron ruwa mai faɗin Zobe dare da rana ba. Sarakunan Ruwa su suka san wanda ya shigo da wanda ya fita. A tafkin Kainji, da kifi ya ragu, sai da aka haɗa kai da sarakuna da masunta kafin hana jan babban taru ya yi tasiri. In ana karɓar kuɗin lasin, a ba da rasit, a kuma ga amfaninsa: a zuba 'ya'yan kifi, a gyara mashiga, a gina murhun banda mai cin itace kaɗan domin mata masu sana'ar. Tun 2011 akwai Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma, tana kuma da sashen koyar da kiwon kifi. Malamanta za su iya auna abin da ake kamawa kowane wata, domin a san gaskiyar halin da ruwa ke ciki. Sai kuma tsaro, gama a shekarun da ɓarayin daji suka addabi wannan yanki, mutum ba ya sakin jiki ya kwana a bakin ruwa.

Namu rabon

Kada mu ce wannan maganar masunta ce kaɗai. Ƙasar da ruwa ya share daga gonakinmu, a rafi take ƙarewa, ta cike madatsa da yashi. Saboda haka:

A bar ciyawa da itatuwa a gefen rafi, kada a yi huɗa har bakin gaɓa.
Kada a wanke tankin feshi a rafi ko a jefa kwalbar magani a ruwa.
Kada a sayi kifin da bai kai ba, ko da ya yi araha. In ba mai saye, ba mai kamawa.
Ƙungiyoyin Kurfi da ke da tafki ko kududdufi mai daɗewa su nemi shawarar malamin gona a kan zuba 'ya'yan tarwaɗa, su kuma sa ranar su guda, kada kowa ya shiga yadda ya ga dama.

A taronku na gaba, ku gayyaci Sarkin Ruwa ko wani dattijon masunci ya zauna da ku. Ku rubuta bukatunku a takarda ɗaya, manomi da masunci, ku kai Sashen Aikin Gona na Ƙaramar Hukuma. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.